Motar da Ba Ta Buƙatar Ƙafar Hagu

Na sha jin ku, in kun taru kuna hira, kuna cewa Baba Markus ya karɓe motar babanku ne da dabara lokacin da ya ga ƙarfin yayansa ya ƙare. Ban taɓa sa muku baki ba, domin babanku bai yarda a yi maganar motar nan a gidansa ba, ni kuma na saba da shirun har bayan ransa. Amma yanzu idona ya fara rauni, waɗanda suka ga abin kuma suna ta tafiya. Ku kuna ƙanana a lokacin. Rifkatu ce kaɗai ta yi wayo, ita ma tana makarantar kwana. Bari in rubuta muku yadda aka yi.

Ku da sandar dogarawa kuka san babanku. Ni na san shi yana dirowa daga kan babbar motar soja ba tare da ya taka matakala ba. Direba ne a soja, kuma duk barikin da muka zauna, in za a yi tafiya mai wuya, Saja Ishaya ake nema. Bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko ranar hutu sai ka same shi a inda ake ajiye motoci yana sauraren ƙarar inji. Da aka kai su aiki wata ƙasa, harsashi ya farfasa masa gwiwar hagu. Likitoci suka ceci ƙafar, amma ta sandare, ba ta lanƙwasuwa ko kaɗan. Aka sallame shi, muka tattaro muka dawo Zuru, gidan da muka fara ginawa ba mu gama ba. Duk motar da muka sani a lokacin tana da abin takawa uku, na hagun shi ne kuloci, kuma ba a canza giya sai an danne shi har ƙasa da ƙafar hagu. Wato ranar da gwiwar nan ta tafi, tuƙi ya tafi da ita. Da farko yakan lallaɓa zuwa tasha ya zauna cikin direbobi. Daga baya ya daina. Ya ce mini zama kusa da mota ba ka tuƙa ta ya fi zaman gida ciwo. Ya ɗauki kujera ya kafa ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ya miƙe ƙafar a kan turmi.

A shekarar da wayar hannu ta fara yawa a Zuru, wani tsohon abokin aikinsa ya zo daga Kaduna duba shi. Shi ne ya ba shi labarin a-kori-kura ta zamani da ake shigowa da ita daga waje, mai ƙofa huɗu, mai canza giya da kanta. Otomatik ake ce mata. Abin takawa biyu kawai, totur da birki, duka na ƙafar dama. Ina tankaɗe a gefe na ga babanku ya sauke ƙafarsa daga kan turmi ya gyara zama. Kuɗin sallamarsa sun fito ba da daɗewa ba, kuma mun riga mun yi magana cewa za a rufa sauran ɗakuna a sayi injin niƙa. Da baƙon ya tafi na tuna masa.

Ya ce, "Maman Rifkatu, injin niƙa kowa zai iya zama a gabansa. Ni tuƙi na iya."

Na ce, "Saja, wa ya san gyaranta a garin nan?"

Ya ce, "Motar zamani ce. Ba a buɗe ta kamar waɗannan tsofaffin."

Kakarku, mahaifiyarsa, tana zaune da mu a lokacin. Ba ta jin Hausa sosai, sai ta tambaye ni da C'lela, yarenmu, me muke cewa. Da na gaya mata, ta daɗe tana kallon ɗanta, sannan ta ce in ƙyale shi, ta gaji da ganin mutum mai rai yana zaune kamar an riga an yi masa makoki.

Ranar da ya shigo da ita unguwa ta cika. Fara ce, an yi amfani da ita a waje amma tana ƙyalli, kuma shi da kansa ya tuƙo ta tun daga Kaduna. Ya buɗe ƙofa yana nuna wa mutane wurin ƙafa, yana cewa su leƙa su gani, biyu ne kawai. Yana dariya har haƙoransa na ciki suna fitowa. Na manta rabon da in ga wannan dariyar. Cikin masu kallo akwai Malam Sani, bakaniken da ke da gareji a bayan tasha, mutumin kirki wanda kusan duk motocin kasuwar yankinmu sun bi ta hannunsa. Ya ɗaga murfin inji ya tsaya yana kallon wayoyin da suka cika wurin.

Ya ce, "Saja, Allah shi sa alheri. Amma wagga mota ba irin wadda munka saba ba ce. Ka lallaɓa ta."

Babanku ya ce, "Na tuƙa waɗanda suka fi ta a cikin daji."

Ranin nan shi ne mafi daɗi da muka yi tun dawowarmu. Yakan fita da sassafe ya nufi Danko ko Kanya, ranar kasuwa ya kai har Wasagu, ya kwaso dawa da masara da wake zuwa Zuru. 'Yan kasuwa suna son shi domin ba ya shan giya, ba ya gudu, kuma in ya ce zai zo yana zuwa. Ya koma aske gemu kullum. Ya koma zuwa sujada ranar Lahadi, har yana kai mu 'yan zumuntar mata taro ƙauyuka ba tare da an roƙe shi ba. In ya dawo da yamma kukan ruga ku hau baya tun kafin ya tsaya, ya yi kamar zai yi faɗa, ya ƙyale ku. In ya biya Danko yakan tsaya wurin ƙanensa Markus, wanda ke noma gonar gidansu da shanun huɗa biyu da ya daɗe yana kiwo. Markus ya taɓa tuƙa motar wani ɗan kasuwa kafin ya koma gona, don haka wani lokaci yakan raka yayansa, amma babanku bai taɓa ba shi sitiyari ba, shi kuma bai taɓa nema ba.

Matsalar ba ta zo da ƙarfi ba. Da safe in ya sa giya sai motar ta yi jim kamar mai tunani, sannan ta zabura. In ya sa ribas sai a ji ƙara a ƙarƙashinta kamar an buga ƙarfe. Daga baya, in ta ɗauki kaya ta kama hawan tudu, inji ya riƙa kuka amma tafiyar ba ta ƙaruwa. Wata rana ta maƙale a giya ɗaya, wata fitila tana ƙiftawa a gabansa, ya tsaya ya kashe ta ya sake tayarwa, ta tafi lafiya kamar ba ita ba. Wannan ne ya fi damunsa. Ya ce tsohuwar mota in tana ciwo tana gaya maka inda yake, wannan kuwa yau ta yi gobe ta musanta. Man giyarta ja ne kamar zoɓo lokacin da ta zo. Kafin ruwan farko ya koma baƙi-baƙi yana ƙauri. Ba a sayar da irinsa a Zuru, sai an yi saƙo Kontagora, kuma abin da ake kawowa wani lokaci ba ka san ko na gaske ne ba. Hanyoyinmu kun san su, duwatsu da ramuka da hawa, 'yan kasuwa kuma ba su san buhu ya isa ba. Babanku ya fara rage lodi, ya fara tsayawa a gindin tudu yana jiran ta huce. Bai gaya wa kowa ba. Ni na gane ne domin ya daina rera waƙa in yana wanke ta.

Abin ya faru a tsakiyar damina, kuma ina cikin motar. Na bi shi Kanya gaisuwar rasuwa, muka taso bayan azahar da wasu mata 'yan kasuwa da buhunansu a baya. Akwai wani rafi a hanyar da babu gada, ana bi ta cikinsa. Da safe mun ƙetare shi ruwan bai kai gwiwa ba. Da muka dawo ya ɗan ƙaru, hadari kuma ya yi baƙi a kan duwatsun da rafin ke gangarowa. Babanku ya duba ya ce za mu wuce. Mun kai tsakiya sai inji ya ɗauki kuka, motar kuma ta tsaya cak. Ya taka totur, kukan ya ƙaru, tayoyi ba su motsa ba. Ya mayar ribas, babu. Ya kashe ya tayar kamar yadda ya saba, wannan karon bai yi aiki ba. Matan suka sauka muka haɗu muna turawa, amma tayoyin sun fara nutsewa a yashi. Ina cikin turawa na ji ruwan da ke gwiwata ya kai cinyata, ya canza launi, yana tafe da kara da ganye. Matan suka bar buhunansu suka fita. Na zagayo wurin tagarsa.

Na ce, "Saja, ruwa yana zuwa. Ka fito."

Ya ce, "Ki je. Za ta tashi."

Na ce, "Ba za ta tashi ba. Ka fito don Allah."

Bai dube ni ba. Yana ta murɗa makulli har injin ya yi tari ya mutu, ruwa ya fara shiga ta ƙarƙashin ƙofa. A lokacin ne na gane ba taurin kai kaɗai ba ne. Ba zai iya tsayawa cikin wannan ruwan da ƙafa ɗaya da sanda ba, kuma ya san haka. Wani Bafulatani da ke kiwo a gaɓa, dogon mutum mai furfura a gemu, ya ajiye sandarsa ya shigo ruwan. Ya buɗe ƙofar ya juya baya ya durƙusa.

Ya ce, "Hau, baba. Mota ba ta da rai."

Haka aka goyo babanku, mutumin da ya yi shekaru yana kwaso sojoji daga inda ake harbi, ƙafarsa a miƙe tana jan ruwa, mata suna tsaye suna kallo. Da aka sauke shi ya yi wa mutumin godiya yadda ya kamata, ya zauna a kan dutse ya juya mana baya. Ruwan ya hau har kan kujeru, amma bai tafi da motar ba. Washegari Markus ya zo daga Danko da mutane, aka fito da ita, aka ɗaura wa wata babbar mota ta ja ta har Zuru. Daga baya ne aka gaya mana irinta ba a jan ta haka tayoyi a ƙasa, jan ya ƙarasa abin da ya rage a cikinta. Babu wanda ya sani a cikinmu.

Malam Sani ya tsiyaye man giyar a gabanmu, ya fito kamar kunun da aka zuba wa nono. Ya gyara injin ya tashi, amma giyabos ɗin, wato akwatin giyar, ya ce ba zai taɓa ba.

Ya ce, "In na buɗe ta, Saja, ƙarya zan yi maka. Ban san cikinta ba. Sai Kaduna."

Abin da ke hannunmu ba zai kai ta Kaduna ya sayo wani giyabos ba. Ba mu gaya wa Markus ba, amma yana da ido. Ranar kasuwa ya kora shanun huɗarsa biyu ya sayar, ya zo ya ajiye abin da ya samu a gaban yayansa. Babanku ya yi faɗa, ya ce ya je ya karɓo shanunsa. Markus ya ce an riga an loda su a mota sun yi kudu. Wannan ba ku sani ba, domin shi ba zai faɗa ba. Aka kai motar Kaduna, aka sa mata wani giyabos otomatik da aka taɓa amfani da shi, babanku ya tuƙo ta ya dawo daidai lokacin kaka. Ta yi aiki 'yan makonni. Har ya fara aske gemu. Sai wata safiya, a ƙofar gida, ba kaya ba hawa, ta ƙi motsawa. Ya hau kan tudun bayan gida inda waya ke samu ya kira masu gyaran. Wannan ya ce na'urar da suke kira ƙwaƙwalwar motar ce ba ta jitu da sabon giyabos ba, wancan ya ce giyabos ɗin ne dama a gajiye yake, a sake kawo ta. Ba mu da abin sake kai ta. Aka tura ta cikin gida kusa da mangwaro, ta zauna, kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta.

Malam Sani ne ya zo har gida da shawarar. Ya ce zai iya cire giyabos ɗin gaba ɗaya ya sa mata na hannu, mai kuloci, irin wanda ya sani kuma ake samun kayansa ko'ina. Ya ce in an yi haka za ta yi shekaru tana aiki. Yana maganar yana kallon ƙasa, domin ya san abin da yake faɗa. Babanku ya ce ya gode, ya raka shi ƙofa. Rani ya wuce motar tana zaune. Ni ban matsa masa ba. Kakarku ce wata rana ta ce masa ita ce ta ce a bar shi ya saya, yanzu kuma ita ce ke cewa ya sake ta. Ya amsa mata da ladabi cewa ya ji, amma bai motsa ba. Abin da ya motsa shi ya faru ne da ruwa ya sauka. Ya hau babur ɗin haya ya je Danko duba gona, ya tarar da Markus da matarsa suna huɗa da garmar hannu a gonar da shanu ke gamawa kafin rana ta yi zafi, ba su ci ko rabi ba, maƙwabta har sun yi shuka. Ya dawo da yamma ya zauna, na kawo masa ruwa bai sha ba.

Ya ce, "Gobe ki biya wurin Malam Sani. Ki ce ya zo ya sa mata kulocin."

Na ce, "Ka san in an sa..."

Ya ce, "Na sani."

Ranar da aka gama aikin mu uku muka je garejin da hantsi, ni da shi da Markus. Malam Sani ya zagaya da ita ya dawo, tana tafiya sumul. Ya miƙa wa babanku makulli. Na ɗauka zai miƙa wa Markus nan take, amma sai ya buɗe ƙofa ya shiga. Ya tura kujera baya iyakarta. Ya karkata ƙugu, ya ɗaga ƙafar da hannuwansa biyu ya ɗora dunduniyar a kan kuloci, ya danna da dukan jikinsa. Ya samu ya sa giya. Amma kuloci a hankali ake sakinsa, kuma gwiwa ce ke yin wannan. Ƙafar ta zame, motar ta zabura ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Sai ya ɗauko sandarsa ya gwada danna kulocin da ita. Malam Sani ya juya ya shiga cikin rumfa kamar yana neman wani abu. Masu aiki a garejin duk suka sunkuyar da kai. Babanku ya zauna hannunsa a kan sitiyari, gumi yana zuba daga haɓarsa. Sannan ya fito a hankali ya miƙa wa ƙanensa makullin.

Markus ya mayar da hannuwansa baya. Ya ce, "Yaya, a sayar da ita. In an haɗa da wani abu a sake nemo maka irin waccan."

Babanku ya ce, "Irin waccan ta gama da ni. Karɓi."

"Yaya, ba zan iya ba."

"Markus, ba roƙonka nake yi ba."

Ya karɓa. Babanku bai yarda a kai shi gida a cikinta ba. Da ƙafa muka koma, yana dogara sanda, ina biye da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, daga ranar motar ba ta ƙara ba da wahala ba. Ta hau duwatsun Wasagu da kaya, ta ƙetare rafin nan damina bayan damina. Da ita kuka yi karatu, da ita aka rufa ɗakunan da kuka kwana a ciki, kuma Markus bai mayar da shanunsa ba sai da aka gama rufin. Zuwansa na farko da ita ya tsaya a ƙofar gida ya sauke mana dawa. Babanku yana jin ƙarar injin ya tashi ya shige ɗaki, bai ci abinci ba ranar. Markus ya lura. Tun daga nan yake barin ta a tasha ya ƙaraso da ƙafa, in da buhu ya ɗauko a kai ko ya sa a baro. Ku kuka ɗauka ɓoye ta yake yi don kunyar abin da ya yi. Babanku ya koma kujerarsa ƙarƙashin mangwaro, kuma shi ne mutumin da kuka tashi kuka sani, mai shiru, mai saurin fushi in an yi hayaniya. Ba ya gaba da ƙanensa. Suna gaisawa, suna maganar gona da ruwa da 'yan uwa. Mota ce kawai ba sa ambata.

Sau ɗaya ya ƙara shiga cikinta da ransa. Shekaru sun wuce, ciwon da ya zama ajalinsa ya yi tsanani, aka ce mu kai shi babban asibiti a wani gari. Babu motar da zai iya miƙe ƙafa a ciki sai ita. Markus ya kawo ta ƙofar gida da safe, muka kama babanku muka zaunar da shi a gaba, ni ina kujerar baya. Ya rufe ido tun da muka tashi, na ɗauka barci yake yi. Bayan mun fita gari akwai wani dogon hawa mai kwana a tsakiya. Markus ya rage giya kafin kwanar, ya sake ragewa a tsakiyar hawan, motar ba ta ko girgiza ba. Da muka kai sama babanku ya yi magana, idonsa a rufe.

Ya ce, "Hannunka ya faɗa, Markus."

Markus ya kafa ido a kan hanya. Ya ci gaba da tuƙi kaɗan, sannan ya gangara gefen hanya ya tsaya, ya ce zai duba taya. Ta madubi na hango shi a bayan motar, ya dafa bodi da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Ya daɗe kafin ya dawo ya tayar.

Babanku bai yi mako biyu a asibitin ba. A bayan motar muka shimfiɗa shi muka dawo da shi gida, ina zaune kusa da kansa. Markus ya tuƙa a hankali tun daga can har Zuru, yana kauce wa kowane rami.